Hukuncin Buɗe Wasiƙar Wani A Lokacin Yaƙi

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da zukata suka ɓoye, wanda Ya rufa wa bayinSa asiri, Ya kuma umurce su da su rufa wa juna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, maganar wannan mako a kan wata mas'ala ce wadda ta daɗe tana ɗaure wa masu mulki da malamai kai, watau shin ya halatta ga hukuma, ko ga wani mutum, ya buɗe wasiƙar da ba shi aka rubuta wa ba idan ana cikin yaƙi ko rashin zaman lafiya? In kuwa ya halatta, to, ina iyakarsa? Watakila mai karatu ya ce ai zamanin ambulan da kan sarki ya wuce. Amma duk wanda ya ratsa unguwa kamar Mabera a birnin Sakkwato zai ga kusan kowane aljihu da wayar hannu a ciki, kowace waya kuwa akwatin wasiƙu ce cike da maganar miji da mata, da ta uba da ɗa, da ta mai bashi da wanda ake bi. Ga kuma ƙasa tana fama da 'yan bindiga, ana ta neman masu kai musu rahoto. Saboda haka mas'alar tana nan da ranta, kuma ya dace a waiwayi yadda mutanen da suka gabata suka yi da ita.

ALKAWARIN BIRNIN HEG

A shekarar 1907 manyan ƙasashen duniya suka taru a birnin Heg na ƙasar Holan, suka ƙulla yarjejeniyoyi game da dokokin yaƙi. Ta 11 daga cikinsu ta tabbatar da cewa wasiƙun da aka samu cikin jirgin ruwa a tsakiyar teku, ko jirgin na abokin gaba ne ko na ɗan-ba-ruwanmu, ko wasiƙun na hukuma ne ko na talakawa, ba a taɓa su. In ma an tsare jirgin, wajibi ne wanda ya tsare shi ya tura wasiƙun inda za su ba tare da ɓata lokaci ba. Abin da aka togace shi ne wasiƙun tashar da aka yi wa ƙawanya, idan jirgin ya keta ƙawanyar. Ingila tana cikin ƙasashen da suka sa hannu.

Ba a yi shekara 10 ba sai aka jarraba wannan alkawari. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi a 1914, Ingila ta ƙudura toshe wa Jamus hanyar ciniki da ta labari, ga kuma jiragen Holan da Suwidin da Denmak da Norwe, waɗanda ba sa cikin yaƙin, suna ta kai da kawowa ɗauke da buhunan wasiƙu tsakanin Turai da Amurka. Daga ƙarshen 1915 sai Ingila ta fito da wata dabara. Ba za ta buɗe buhu a tsakiyar teku ba, amma za ta sa jirgin ya ratse ya shiga tasharta, sa'an nan ta ce ai yanzu yana cikin ruwanta, dokarta ta hau kansa. Ta kuma kafa hujja da cewa yarjejeniyar ta kare wasiƙa ne, ba ta kare haja ba, alhali kuwa ana samun roba da gahawa an cusa cikin ambulan za a kai Jamus. Har ila yau ta tunatar da duniya cewa jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna nutsar da jirage da wasiƙunsu da mutanensu gaba ɗaya, wanda ya fi buɗe ambulan muni nesa ba kusa ba.

Amurka, wadda a sa'an nan ba ta shiga yaƙin ba, ta ƙi yarda. A watan Mayu na 1916 Sakataren Harkokin Wajenta, Robert Lansing, ya aika da takardar ƙin amincewa mai zafi, inda ya nuna cewa jirgin da aka tilasta wa shiga tasha ba za a ce da ƙafarsa ya zo ba. 'Yan kasuwar Amurka kuma suka yi ta kukan cewa ana karanta asirin cinikinsu, suna zargin ana amfani da shi don a ƙwace musu kasuwa. Amma da Amurkar ta shiga yaƙin a 1917, ita ma sai ta kafa nata masu tace wasiƙu.

TASHOSHIN MULKIN MALLAKA

Da Yaƙin Hitila ya zo a 1939, sai aikin ya ƙara faɗi, kuma tashoshin ƙasashen da Ingila ke mulka su ne suka zama rariyar tacewa: Jibralta, wadda Larabawa ke kira Jabalu Ɗariƙ, da tsibiran Bamuda da Tirinidad, da Firitawun ta Saliyo, da Ikko. A Bamuda ma'aikata fiye da 1,000 ne suka duƙufa kan wasiƙun jiragen ruwa da na sama masu zirga-zirga tsakanin Lizbon da Niyok, kuma a watan Janairu na 1940 an yi cacar baki da Amurka saboda sauke buhunan wasiƙu daga wani jirgin samanta. Aikin bai tashi a banza ba. A can ne aka lura da wasu wasiƙu masu ɓoyayyen tawada, waɗanda suka kai ga kama wani ɗan leƙen asirin Jamus mai suna Kurt Ludwig da mutanensa a Amurka a 1941, mutanen da ke ba da labarin motsin jiragen ruwa da na soja.

A Firitawun, inda ayarin jiragen Ingila ke taruwa kafin su kama hanya, ana binciken jiragen Fotugal masu zuwa Angola da Mozambik, ana neman lu'ulu'un da ake satar kai wa masana'antun Jamus, da kuma wasiƙun da aka ɓoye. Wani marubucin Ingila, Graham Greene, wanda ya yi aikin leƙen asiri a garin a lokacin, ya ƙaga labari cikin littafinsa na 1948 a kan wani babban ɗan sanda da ya sami wasiƙar da kyaftin ɗin jirgin Fotugal ya ɓoye, ya buɗe ta, bai ga komai ba sai maganar uba da 'yarsa wadda ke aure a Jamus. Ƙagagge ne, amma ya dace da gaskiyar aikin, domin kafin a sami wasiƙar maci amana guda, sai an karanta dubbai na bayin Allah waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Lardin Sakkwato bai tsira daga wannan ba, ko da yake yana nesa da teku. 'Ya'yan lardin suna cikin sojan da aka kai Bama tsakanin 1943 da 1945, kuma wasiƙar soja ba ta barin sansani sai hafsa ya duba ta. Daga nan ta hau jirgi zuwa Ikko, ta bi jirgin ƙasa zuwa Gusau, ta ƙarasa Sakkwato a mota, kafin ta isa hannun tsohon da zai nemi malami ko ɗan makaranta ya karanta masa. Daga 1940 zuwa Nuwamba 1942 kuma, Nijar tana hannun gwamnatin Faransa ta Bishi, wadda ta yi sulhu da Jamus, saboda haka iyakar da ke tsakanin Illela da Birnin Ƙonni ta zama abin tsaro, saƙon ɗan'uwa zuwa ga ɗan'uwansa ya zama abin tuhuma. Abu guda da za a yaba wa masu tacewar shi ne, galibi idan sun buɗe ambulan sukan manna masa takarda mai nuna an buɗe, da lambar ma'aikacin da ya buɗe.

ASALIN HUKUNCI A SHARI'A

To, me shari'a ta ce? Asalin hukunci shi ne hani. A cikin Suratul Hujurati, aya ta 12, Allah Maɗaukakin Sarki Ya jero abubuwa uku Ya hana su: yawan zato, da binciken asirin mutane, da yi da mutum a bayan idonsa. Malamai sun lura cewa jerin yana da hikima, domin zato shi ke haifar da bincike, bincike kuma shi ke samar wa harshe abin faɗi. A Suratun Nur, aya ta 27, an hana shiga gidan wani sai da izni, kuma ya inganta daga Annabi (S.A.W.) cewa saboda ido ne aka shar'anta neman izni. In an hana ido leƙa ɗaki, to, wasiƙa ta fi ɗaki zama ɓoye, domin mutum yakan rubuta abin da ba zai iya faɗa ba ko a tsakar gidansa. Buhari kuma ya ruwaito narkon azaba mai tsanani ga wanda ya kasa kunne ga zancen mutanen da ba sa son ya ji.

Akwai hadisi a littafin Abu Dawuda wanda ya ambaci wasiƙa kai tsaye, ya kwatanta mai duba takardar ɗan'uwansa ba da izni ba da mai leƙa wuta. Shi Abu Dawuda da kansa ya bayyana cewa hanyoyin hadisin masu rauni ne, saboda haka ba a gina hukunci a kansa shi kaɗai, sai dai ma'anarsa ta dace da ayoyin da aka ambata. Bugu da ƙari, wasiƙa amana ce a hannun wanda ya ɗauke ta, Suratun Nisa'i kuwa, aya ta 58, ta yi umurni da a kai amana ga masu ita. Hatimi ma yana da daraja tun da can. Annabi (S.A.W.) ya sa an ƙera masa zoben azurfa domin buga hatimi sa'ad da ya tashi rubuta wa sarakuna, wasu masu tafsiri kuma sun ce dalilin da ya sa Sarauniyar Saba ta girmama takardar Annabi Sulaimanu, kamar yadda ya zo a Suratun Namli, shi ne don ta zo a rufe da hatimi.

Hanin bai tsaya kan talakawa ba, ya hau kan masu mulki ma. Abu Dawuda ya ruwaito hadisai biyu masu ma'anar cewa shugaban da ya shiga bin diddigin aibin mutane, ko ya riƙa neman abin tuhuma a cikinsu, to, lalata su zai yi. Dalilin a fili yake. Jama'ar da ta san ana sauraronta takan koyi munafunci, aminci ya fita tsakanin maƙwabci da maƙwabci, masu kai tsegumi su sami kasuwa.

WASIƘAR HAƊIBU

Duk da haka, shari'ar da ta kare asiri ita ce kuma ta kare rai, kuma akwai ranar da su biyun suka yi karo a gaban Manzon Allah. A shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (S.A.W.) yana shirin tafiya buɗe Makka, ya ɓoye al'amarin don a riski Ƙuraishawa ba shiri, a sami sauƙin zubar da jini. Sai wani sahabi, Haɗibu ɗan Abi Balta'a, ya rubuta musu takarda yana ba su labari, ya ba wata mace ta kai. Allah Ya sanar da AnnabinSa. Ya tashi Sayyidina Ali da Zubairu da Miƙdadu, ya gaya musu wurin da za su same ta, watau Raulatu Khakh. Suka riske ta, ta musa, suka nuna mata lalle sai ta fito da takardar ko a bincike ta, sa'an nan ta ciro ta daga cikin kitsonta. Suka kawo wa Annabi.

Abin da ya biyo baya shi ne babban darasin. Annabi (S.A.W.) ya kira Haɗibu ya tambaye shi dalili. Haɗibu ya ce bai yi ridda ba, shi dai ba Baƙuraishe ne na jini ba, iyalinsa suna Makka ba mai kare su, ya so ya yi wa mutanen garin wani abin da zai sa su ƙyale masa su. Sayyidina Umaru ya nemi izni ya sare shi, Annabi ya hana, ya gaskata uzurinsa, ya kuma tuna masa cewa mutumin nan ya halarci Badar. A kan wannan ne farkon Suratul Mumtahana ya sauka.

Imam Buhari ya kawo wannan ƙissa a cikin babin da ya ware game da duba takardar wanda ake jin tsoron sharrinsa ga Musulmi, Ibnu Hajar kuma ya yi bayani a Fathul Bari cewa hanin duba takardar wani yana da togaciya idan dubawar ita ce hanyar kawar da ɓarnar da ta fi ta girma. Haka nan Imam Mawardi, cikin Ahkamus Sulɗaniyya, ya yarje wa mai hisba ya yi bincike idan amintacce ya ba shi labarin ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar a ce wani ya keɓe da wani zai kashe shi. Abin da bai kai wannan ba, ya hana.

Wanda ya duba ƙissar da idon basira zai ga an buɗe ƙofa, amma ƙunƙuntacciya. Shugaba ne ya ba da umurni, ba kowa ya yi gaban kansa ba. Takarda guda aka nema, a hannun mutum guda, bisa labari tabbatacce. Haɗarin kuwa na rayukan runduna ne. Da aka sami takardar kuma, sai da aka ji ta bakin mai ita kafin a yanke magana. Wasu marubutan Sira sun ruwaito cewa a kwanakin an sa masu tsaro a hanyoyin fita daga Madina don kada labari ya wuce, wanda ke nuna cewa hukuma tana da damar ɗaukar mataki na gaba ɗaya na ɗan lokaci. Amma tsare hanya na 'yan kwanaki daban, zaunar da ma'aikata suna karanta cikin kowa shekara da shekaru kuma daban. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce, lalura takan halatta abin da aka hana, amma gwargwadonta ake auna mata.

HAƘƘIN ƊAN-BA-RUWANMU

Saura maganar jirgin ƙasar da ba ta cikin yaƙi. Musulunci ya san wannan matsayi. Suratun Nisa'i, aya ta 90, ta nuna cewa waɗanda suka janye, ba su yaƙi Musulmi ba, suka miƙa zaman lafiya, babu hanyar taɓa su. Surar da ta sauka kan Haɗibu ma, a ayarta ta 8, ta yi izni da kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su ɗauki makami ba. Game da masu ɗaukar saƙo kuwa, sa'ad da Ƙuraishawa suka aiko Abu Rafi'u, ya ga Annabi ya so ya zauna, sai Annabi (S.A.W.) ya mai da shi ga waɗanda suka aiko shi, yana mai bayyana cewa ba ya warware alkawari, ba ya kuma tsare 'yan aike. Kalmar da aka yi amfani da ita a hadisin jam'in “barid” ce, wadda har yau da ita Larabawa ke kiran aikin gidan waya.

Idan aka auna abin da Ingila ta yi da wannan ma'auni, za a ga gefe biyu. Tsoronta gaskiya ne, domin rigar ɗan-ba-ruwanmu ba ta wanke wasiƙar da ke ɗauke da labarin da zai nutsar da jirgi, kamar yadda kasancewar 'yar aiken Haɗibu mace matafiyiya bai hana a karɓe takardar ba. Inda ta kauce shi ne wajen dabarar janyo jirgi cikin tasha da ƙarfi, sa'an nan a ce alkawarin teku bai shafe shi ba. Wannan ita ce hilar da Alƙur'ani ya zargi mutanen Asabar da ita a Suratul A'arafi, watau a kiyaye lafazin doka a kashe manufarta. Suratul Anfali, aya ta 58, ta koyar da cewa wanda ya ji tsoron ha'inci daga abokin alkawari, sai ya sanar da shi a fili cewa alkawarin ya ƙare. Da a ce an fito an ce yarjejeniyar 1907 ba za ta yiwu ba a wannan yaƙi, da ya fi kusa da gaskiya. Amfani da asirin 'yan kasuwa don ribar kai kuwa, in har ya tabbata, cin amana ne tsantsa, ba lalurar da ta kai can.

Akwai kuma tambayar da ɗan ƙasar da aka mallaka zai yi: lafiyar wa ake tsarewa? A 1916 Turawa suka kama wasiƙun da Maulana Ubaidullahi Sindi ya rubuta a kan ƙyallen alharini zuwa ga malaminsa Mahmudul Hasan da ke Hijaz, game da shirin 'yantar da Indiya, aka kama malamin aka kai shi tsibirin Malta. Abin da mai mulkin mallaka ya kira cin amanar ƙasa, mutanen ƙasar neman 'yanci suka kira shi. Saboda haka rangwamen da shari'a ta yi na shugaban da ke kare jama'a ne, ba na wanda ke kare kujerarsa daga jama'a ba.

TAKARDA BA TA RANTSUWA

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne, samun takarda bai zama hujja ba. A shekara ta 35 bayan Hijira, masu tawayen Masar suna kan hanyar komawa gida sai suka kama wani ɗan aike da takarda mai hatimin Halifa Usmanu, wadda ke umurni da a hukunta su. Suka juyo Madina a fusace. Sayyidina Usmanu ya rantse bai rubuta ba, bai sa a rubuta ba, bai ma san da ita ba. Ba su saurare shi ba, suka kewaye gidansa har suka kashe shi, aka buɗe ƙofar fitinar da al'umma ba ta gama jin raɗaɗinta ba.

Sakkwato ma tana da nata labarin. Gwamna Lugga ya kafa hujja da wata takarda da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, wadda ke nuna babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Masana tarihi sun yi ta jayayya a kanta, domin fassararta ta Turanci ce aka sani, ba a ga asalinta na Larabci ba. A ranar 15 ga Maris 1903 aka ci Sakkwato, wasiƙun da aka samu a gidan Waziri Buhari kuma, waɗanda sarakuna suka rubuto wa Sarkin Musulmi da wazirinsa cikin aminci, wani jami'in mulkin mallaka mai suna Backwell ya fassara su aka buga a Ikko a 1927. Ba banza ba Suratul Hujurati, aya ta 6, ta wajabta tabbatar da labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci a dawo ana nadama.

DAGA TEKU ZUWA MABERA

A yau saƙon mutumin Mabera zuwa ga ɗansa da ke karatu a Madina ko ƙaninsa da ke fatauci a Kwatano ba ya hawa jirgin ruwa, amma sau da yawa yakan bi wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, ya ratsa na'urorin ƙasashen da ba ruwansu da shi. A 2013 Edward Snowden ya fallasa yadda hukumomin leƙen asirin Amurka da Ingila ke kwasar saƙonnin jama'a masu ɗimbin yawa. Ofishin tace wasiƙu na Amurka da aka kafa a Disamba 1941 an rufe shi da yaƙi ya ƙare a 1945, amma sauraron da ake yi da sunan yaƙin da ba a san ranar ƙarewarsa ba, wa zai rufe shi?

A gida Nijeriya, sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare asirin gida da wasiƙa da zancen waya, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita wannan saboda tsaro da lafiyar jama'a. Ƙa'idojin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fitar a 2019 sun shar'anta samun takardar izni daga alƙali kafin a saurari wani, in ban da halin gaggawa, wanda shi ma sai an nemi iznin daga baya. Wannan ya yi kusa da abin da malamai suka faɗa, in dai an bi shi. A Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato don a toshe wa 'yan bindiga hanyar labari, kafin daga baya a maido da su. Wannan ya yi kama da tsare hanyoyin Madina, amma 'yan kasuwa da masu marar lafiya sun sha wuyarsa, shi ya sa irin wannan mataki yake bukatar wa'adi, da kuma auna ko amfaninsa ya rinjayi cutarsa.

Babu shakka masu kai wa 'yan bindiga rahoto suna nan, kuma jinin bayin Allah yana wuyansu. Jami'in da ya sami dalili mai ƙarfi, ya bi doka ya duba wayar wanda ake tuhuma, bai yi laifi ba, aikin Sayyidina Ali ya yi. Amma abin da ya gani a ciki wanda bai shafi binciken ba, na iyali ne ko na bashi ko na wani zunubin da Allah Ya rufa, to, amana ce, ciki kuwa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. 'Yan sintiri da matasan unguwa ba su da ikon ƙwace wayar baƙo su bincika, balle su yanke masa hukunci don sun ga wata lamba ko sun ji wata murya, a zamanin da na'ura ke iya kwaikwayon muryar mutum. Wanda ya ga abin tuhuma sai ya kai wa hukuma. Ɗan gudun hijirar da ya baro ƙauyensa ya fake a birni, yana kiran danginsa da suka rage a can, ya fi kama da mai neman a rufa masa asiri, kuma ko Haɗibu da ya yi laifin sai da aka saurare shi.

Haka nan mai gyaran waya da aka bar wa waya a shago, da ɗan makarantar da ke karanta wa tsohuwa saƙo, da wanda aka tura wa magana shi kaɗai ya watsa ta a Facebook, duk hukuncin ɗan aike ne a kansu. Miji ko matar da ke lalube wayar abokin zama cikin dare ba yaƙi suke yi ba, saboda haka ba su da rabo a rangwamen da aka yi don yaƙi. In akwai damuwa, shari'a ta tanadi magana da nasiha da shigowar manya daga dangin biyu. Uba yana da haƙƙin sa ido kan ƙaramin yaronsa saboda tarbiyya, amma ya fi kyau yaron ya san ana dubawa, kuma haƙƙin yana raguwa gwargwadon yadda yaron ke girma. Hausawa sun ce kowa ya ci amana, amana za ta ci shi.

Allah Ya rufa wa Musulmi asiri duniya da lahira, Ya ba shugabanni ikon tsare rayuka ba tare da keta mutunci ba, Ya tona asirin masu taimakon azzalumai, Ya kuɓutar da wanda ba shi da laifi, Ya kuma maido da zaman lafiya a Sakkwato da ƙasa baki ɗaya, amin.